Ruwan da Na Shayar da Surukaina

Filin da mahaifina ya ba ni a bayan gari, a Birnin Kudu, asalinsa kududdufi ne. Daga nan kakanninmu suka ɗebi ƙasar da aka gina rabin unguwarmu, ramin ya zauna yana tara ruwan damina da kwaɗi. Muna yara har tarwaɗa mun kama a ciki. Da gari ya matso sai aka mai da shi juji. Shara, toka, tsummokara, mushen kaza, komai nan ake kai shi. Shekara da shekaru ana zubawa har ya cika, aka kawo jar ƙasa a tifa aka rufe, aka daɓe, wuri ya yi sumul kamar ba a taɓa jefa ko ɓawon gyaɗa ba. Mutane suka gina gidaje. Ni ma na gina ɗaki biyu da 'yar tsakar gida, domin an sa ranar aurena bayan kaka.

Ni tela ne, amma kafin in iya zura zare a allura na riga na ƙware a karatun littattafan soyayya. Yayata ce take karɓo hayarsu ta ɓoye a ƙarƙashin katifa, ni kuma in ɗauke in tafi bayan rumbu. A cikinsu na koyi cewa saurayin ƙwarai ba ya cewa "ina wuni" ya tsaya, sai ya haɗa da wata da taurari. Na kuma koyi cewa wajibi ne ya yi wa masoyiyarsa wata kyauta ta ba-zata, wadda za ta sa ta dafe ƙirji, hawaye masu ɗumi su zubo mata. A littafi kyautar mota ce, ko gida mai bene a Kano. Ni keken ɗinki gare ni.

Yarinyar da zan aura 'yar Gwaram ce, ta karanci aikin duba-gari, irin masu bi gida-gida suna leƙa randa da makwarara. Ranar da ta fara kawo mini ɗinki na ce mata atamfar nan ta yi sa'ar jiki. Ta ce, "Malam tela, ka dai kula da hannun rigar, kada ya matse." Haka take har yau. Ni in tashi sama, ita ta riƙo ƙafata.

Wata rana na je zance, ta ba ni labarin zamanta a wurin kakarta a Sara tana ƙarama, yadda kullum sai ta yi sawu uku a rijiyar bayan gari kafin ta tafi makaranta, har gammo ya cinye mata gashin tsakar ka. Ita dariya take yi. Ni kuwa zuciyata ta karye gida biyu. A kan babur, a hanyar komawa gida, na yanke shawara: rijiya zan haƙa mata a cikin gidanta, kuma ba za ta sani ba sai ranar da aka kawo ta.

Na ɗauko wani dattijo mai haƙar rijiya daga Kiyako, wanda ake cewa ko a kan fa ya buga diga sai ruwa ya amsa. Ya zagaya gidan yana dunƙular ƙasa yana sunsunawa. Can ya tsaya a bakin ƙofa, wajen titi, ya ce nan ne gefen tsohon kududdufin, nan kaɗai ƙasar asali ta rage, nan za a haƙa. Na ce a'a. Na ja shi bayan ɗakin amarya, ƙarƙashin taga, inda na riga na dasa lalle da ɗan lemon tsami.

Ya dubi katangar da ke kusa. "Yaro, me ke bayan katangar nan?"

"Gidan maƙwabcina ne, Baba."

"Na san gida ne, ban ce masallaci ba ne. Wane ɓangare na gidan?"

Na sosa ƙeya. Masai ne. Ya taka daga katangar zuwa inda na nuna, yana ƙirgawa da ƙarfi don in ji. Taku shida.

Ya ce, "Wannan ƙasar ciko ce. Cikinta kamar rariya yake. Abin da aka zuba can, nan zai zo ya gaishe ka."

"Baba, so nake idan ta buɗe taga da safe, fuskarta ta fara gani a cikin ruwa."

"Madubi ya ƙare a kasuwa ne?"

Na dage. A littattafan da na karanta kullum akwai wani tsoho da ke tsayawa tsakanin masoya, kuma kullum shi ke jin kunya a ƙarshe. Dattijon ya tofa yawu a tafin hannunsa, ya ɗauki diga, ya ce, "Gidanka ne. Ni dai na faɗa, kuma digar nan shaida ce."

Abin da aka riƙa fitowa da shi daga ramin ya isa a buɗe shago. Leda kala-kala, fasassun kwanukan sha, batir, ƙashin saniya, rabin fitilar ƙwai. Har wani takalmin roba na gane, nawa ne, na 'yan aji uku. A zurfin gaba uku kacal ruwa ya ɓulɓulo. Dattijon ya ce rijiyar kirki a yankinmu ba ta yin saurin baki haka. Ni na ce ƙauna ce ta jawo shi sama.

Da farko ruwan ya yi duhu-duhu. Na jefa alif, ya kwanta, ya yi garai-garai har kana ganin gindin bokiti. Ga sanyi kamar na randar tsohuwa. Ga wani ɗan garɗi a harshe wanda ban taɓa ji a ruwan famfo ba. Ban tare a gidan ba tukuna, amma kowace safiya kafin in buɗe shago sai na biya na sha moɗa guda, na tsaya a tagar ina leƙa fuskata, ina gwada yadda za ta tsaya.

Cikin mako guda cikina ya fara kuka. Na rame, idanuna suka faɗa, wandon da na ɗinka wa kaina ya koma neman tazuge. Ban damu ba, domin na san alamomin. Duk wanda ya yi karatu irin nawa ya san cewa so yana hana ci, yana kaɗa hanji, yana sa rama. Na ma ji daɗi da abin ya same ni yadda yake samun manyan masoya. Na tura mata saƙo a waya: "Sanyin idaniyata, tun da aka sa ranarmu hanjina bai zauna wuri ɗaya ba. Begenki ya hana cikina sukuni."

Amsa ta zo nan take. "Sau nawa ka zaga yau?"

"Biyar."

"Wannan ba ni ba ce. Ka sha ruwan gishiri da sukari, kuma ka rabu da awarar bakin tasha."

Na rabu da awara. Ruwan gishiri da sukarin kuwa, da ruwan rijiyata na haɗa shi.

Duk da haka maganar dattijon nan ta tsaya mini a rai kamar ƙayar kifi. Sai na ɗebi ruwan a farin kwano na kai wa Baffana, ƙanin mahaifina, wanda yake da makarantar allo kuma shi ake tambaya a unguwarmu. Na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, ruwan nan yana da tsarki?"

Ya ɗaga kwanon wajen haske ya duba. Ya sunsuna. Ya ɗanɗana da kan harshe. Ya ce, "Launinsa bai canza ba, ƙanshinsa bai canza ba, ɗanɗanonsa bai canza ba. Ruwa ne mai tsarki, mai tsarkakewa. Ka yi alwalarka."

Na fito ina jin kamar an ba ni takardar shaida mai hatimi. Abin da na tambaya shi ya amsa mini. Ban ce masa sha nake yi ba, ban kuma ambaci taku shida ba.

Ana tsakiyar damina, gero ya fi mutum tsawo, dangin amarya suka aiko za su zo ganin ɗaki, su auna inda gado da kabad za su zauna. Mata biyar suka zo. Shugabarsu Gwaggo ce, yayar mahaifin yarinyar, doguwar tsohuwa mai carbi a wuya, wadda ko mahaifin ba ya ɗaga murya idan tana wuri. Mahaifiyata da yayata suka yi girki a babban gida suka kawo. Ni abu ɗaya na roƙa: ruwan da za a tarbi baƙi da shi, da wanda za a dama fura, a ɗebo a rijiyata.

Na tsuguna daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa, na gaishe su. Sannan na ce, "Gwaggo, ruwan nan na gidan ne. Na haƙa mata rijiya. Amma don Allah kada a gaya mata, so nake ta gani da idonta."

Gwaggo ta shanye moɗa, ta miƙa aka ƙara. Ta goge baki da gefen mayafi ta ce, "Kai, ruwan nan da garɗi yake! Ashe yaron nan yana da tunani. Ku sha, ku sha, ba kullum ake samun suruki mai rijiya ba."

Suka sha. Suka sha fura. Ni ban sha a gabansu ba, saboda kunyar surukai. Suka kwana a gidan wata 'yar'uwarsu a cikin gari, washegari bayan azahar suka hau mota zuwa Gwaram.

Direban motar abokin cinikina ne, ni nake masa ɗinkin sallah. Bayan kwana biyu ya shigo shagona, ya zauna a kan benci ba ko sallama mai kyau, ya ce, "Tela, tsakaninka da Allah, me kuka ba matan nan?"

"Wane abu? Lafiya?"

"Lafiyar ke nan. Ko fita gari ba mu gama yi ba tsohuwar ta buga jikin mota, wai direba tsaya. Na tsaya. Ta shige gero. Ta dawo, na ta da mota, ta biyu ta ce tsaya. Daga nan na daina kashe mota. Buta ɗaya gare ni, tela, ɗaya! Sai da suka yi mata layi kamar masu karɓar katin zaɓe. Wani manomi ya biyo su da fartanya yana faɗa, da ya ga yadda abin yake sai ya ce to don Allah su matsa can gefen da geron bai yi kyau ba. Tafiyar da nake yi in dawo kafin la'asar, sai da aka kira magariba muka shiga Gwaram."

Yana dariya har da buga cinya. Ni ban yi ba, domin ya ƙara da cewa ɗaya daga cikinsu, wata tsohuwa mai ƙaramin jiki, sai da aka kai ta asibiti aka ƙara mata ruwa. Allah ya sa ta tashi. Har yau idan na tuna ta sai in ji dariyar labarin ta ragu.

Kwana uku bayan haka saƙo ya iso wa mahaifina daga Gwaram: a dakata, kada a kawo lefe tukuna. Gwaggo ta yi bincike a kan shimfiɗarta ta jinya, ta gano komai. Gidanmu gidan malamai ne, saboda haka rubutu aka wanke musu a fura don a mallake dangi gaba ɗaya, sai hannu ya zarce. Hujjojinta uku ne. Yaron ya nace sai an sha. Ya ce kada a faɗa wa kowa. Shi kuma ko kurɓa bai yi ba. Ta rantse 'yar ƙaninta ba za ta shiga gidan masu asiri ba tana raye.

A littafi, a irin wannan gaɓar saurayi yakan kwanta ciwo. Ni na riga na kwanta tun tuni, saboda haka ba abin da ya rage sai in kira yarinyar a waya. Na faɗa mata komai, tun daga gammo har zuwa taga.

"Rijiya," in ji ta. "A ciko. Kusa da masai."

"Taku shida ne tsakani."

"Au, har aunawa ka yi?"

"Don ke na yi, hasken rayuwata."

"Na sani. Shi ya sa ban kashe wayar ba. Daga yau ko alwala za ka yi da shi kada ka kurkure baki."

Ta zo tare da yayanta ranar Laraba. Ba ta dafe ƙirji ba, hawaye masu ɗumi ma ba su zubo ba. Ta leƙa rijiyar, ta leƙa katanga, ta dube ni yadda ake duban akuyar da ta ci sabulu. Ta ce cutar da ke cikin bayan gida ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, ba su da launi, ba su da wari idan sun bi ta cikin ƙasa, kuma alif laka kawai yake kwantarwa, su ko gezau. Damina ta cika masan maƙwabcina, ruwan yana bi ta cikin tsohuwar shara yana sauka a rijiyata. Ta ciro wata 'yar kwalba daga jaka, irin wadda suke aiki da ita, mai ɗan magani a ciki. Ta cika ta da ruwan, ta ce idan akwai ƙazanta zai yi baƙi cikin kwana biyu. Suka tafi da ita, aka ajiye a zauren mahaifinta inda kowa zai gani.

Ruwan ya yi baƙi ƙirin kamar tawada. Aka kira Gwaggo ta gani. Ta tafa hannu ta ce, "Alhamdu lillahi! Ga tawadar rubutun nan ta fito fili. Da wa ya ce ƙarya nake?"

Yarinyar ba ta yi gardama da ita ba. Ta aiko yayanta ya ce in sayo bula, irin wadda ake sa wa fararen kaya, mai yawa, a narka a zuba a masan maƙwabcin, a bi da ruwa bokiti-bokiti. Idan hanya ɗaya ce, rijiya za ta faɗa da bakinta.

Neman izinin maƙwabcina ya fi neman aure wuya. Tsohon masinja ne mai son a bi ƙa'ida. Ya ce, "Shekara goma sha ina zaune da masan nan, ba wanda ya taɓa zuwa gaishe shi. Yau kuma har da kwalliya za a yi masa?" Sai da Baffa ya sa baki ya yarda. Muka zuba da hantsi, a gaban Baffa da yayan yarinyar. Dattijon Kiyako ma ya zo, ba wanda ya gayyace shi, ya sami inuwa ya zauna yana cin goro.

Rana ta farko ba komai. Ta biyu ba komai, har na fara ɗaga kafaɗa. A rana ta uku Gwaggo da kanta ta iso daga Gwaram don ta ga ƙarshen ƙarya, da jarkar ruwanta a hannu, yarinyar na biye da ita. Aka ce ni zan ja guga. Na ja, na juye a farin bokiti.

Shuɗi ne. Shuɗi mai haske, irin na sama bayan an ɗauke ruwa. Wallahi ban taɓa ganin ruwa mai kyansa ba, kuma da a ce ba mutane a wurin da na faɗa mata haka.

Baffa ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Yanzu kam launi ya canza." Ya juyo gare ni. "Kai kuma, tsarki ka tambaye ni, na ba ka amsar tsarki, kuma rabin labari ka kawo mini. Maganar abin da zai shiga ciki ya zauna lafiya, ga masu iliminta nan." Ya nuna yarinyar da sandarsa.

Gwaggo ta dubi bokitin. Ta dubi katanga. Ta dubi maƙwabcina, wanda ya leƙo ta sama don ya ga sakamako. Na ga lissafin yana shiga mata a hankali.

"Wato abin da muka sha..." Ta zauna a kan turmi. "Na wannan bawan Allah ne?"

Maƙwabcina ya ce, "Hajiya, ni ban aika ba."

"Moɗa biyu! Har na ce da garɗi!"

Dattijon Kiyako, wanda kullum sai ya dawo inuwarsa, ya tofar da goro ya ce, "Ai dole ya yi garɗi." Daga nan Gwaggo ta ɗauki jarkarta ta fita.

An wanke ni daga asiri, amma ban san ko abin da ya maye gurbinsa ya fi sauƙi ba. Mahaifina ya ce ba wanda zai je ya ba da haƙuri a madadina, ni na sa aka haƙa, ƙafata za ta je. Ranar Talata na sa farar riga na tafi Gwaram. Na durƙusa a zaure a gaban mahaifinta. Gwaggo tana zaune daga ƙofar ciki, ta ba ni rabin baya.

Ya ce, "An ce mai haƙar ya gargaɗe ka."

"Ya gargaɗe ni, Baba."

"To me ya kai ka?"

A hanya na shirya jawabi mai tsawo, da ƙaddara a ciki, da ajizancin ɗan Adam. Da na buɗe baki sai gaskiya ta riga shi fitowa. Na ce, "Baba, so na yi idan ta buɗe taga da safe ta ga fuskarta a ruwa."

Ya sunkuyar da kai, ya kama gemunsa, kafaɗunsa suna rawa don dariyar da yake dannewa. Ya daɗe a haka. Da ya iya magana sai ya ce, "Yaya, kin ji. Ke kika sha, ke za ki yanke."

Gwaggo ta ja carbi kusan goma kafin ta juyo. Ta ce, "Na ɗauka mugu ne. Da mugu ne, da ko sama da ƙasa za su haɗu ba zan bayar ba, don mugu ba ya gyaruwa. Ashe wawa ne. Wawa kuwa ana zama da shi, in dai akwai mai riƙe masa igiya, kuma 'yarmu ta iya riƙo." Ta nuna ni da carbin. "Ka je ka cike ramin nan da hannunka, ban ce ka sa lebura ba. Ka biya ka gaida tsohuwar da ka kwantar. In ka gama, a kawo lefe."

Na biya na gaida tsohuwar, ta yafe mini bayan ta yi mini wankin babban bargo. Na koma gida na ari baro da shebur. Daga Laraba zuwa Juma'a ina tura jar ƙasa ina zubawa, tafin hannuna ya yi kanta har na kasa riƙe almakashi. Ranar Asabar mahaifiyata da yayata suka hau mota da akwatunan lefe suka nufi Gwaram.